Ina aji biyu a sashen kemistiri: zan iya fara bincike tun yanzu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu, sashen kemistiri, a ɗaya daga cikin jami'o'in Arewa. Likitanci na nema aka ba ni kemistiri, amma yanzu na fara jin daɗinsa har ina sha'awar zama mai bincike. Yayyenmu na aji huɗu sun ce in kwantar da hankalina, bincike sai shekarar ƙarshe, kuma ko a lokacin ma babu kayan aiki, samfuri kawai ake kaiwa wani wuri a biya kuɗi a karɓo sakamako. Wasu ma sayen furojet ɗin suke yi ɗungurungum. Akwai abin da zan iya farawa tun yanzu? Wane irin batu ya dace da ɗalibin da ba shi da kuɗi, ba shi da na'urori?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatu albarka.

Za ki iya farawa yanzu, kuma gara yanzun. Yayyenki sun yi gaskiya a kan ƙarancin kaya, amma ba su gane abin da ake nema a wurin ɗalibin digirin farko ba. Babu wanda yake jiran ki gano sabon magani. Abin da nake so in gani a hannun wanda ya shekara huɗu a sashenmu shi ne ya iya fitar da lamba ɗaya tak, ya ce akwai abu kaza gwargwadon kaza a cikin wannan ruwan ko wannan ƙasar, kuma idan na tsare shi da tambaya ya iya kare ta: daga ina ta fito, kuskuren da ke cikinta ya kai nawa, don me zan yarda da ita. Fannina kemistirin awo ne, don haka ki yi mini uzuri idan na fi karkata can. Amma ko haɗa sinadarai kika nufa daga baya, ko magunguna, ko man fetur, ba za ki tsere wa awo ba.

A shekarar 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura ƙananan yara suna mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma. Amai, jijjiga, suma. An fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. Sai da aka auna jini aka gane dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna ɗauke da dalma mai yawa, ana niƙa su a bushe a injin niƙa, ana aikinsu a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu. Da aka zo gyara, gida-gida aka bi ana auna ƙasa, a kankare ta sama, a zuba sabuwa, a sake aunawa, domin ba shi da amfani a ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jini sannan a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da ita. Kowane mataki a kan lamba ya tsaya. Abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015.

To, mu ƙaddara ke aka miƙa wa ƙasar tsakar gida irin wannan. Za ki shanya ta, ki tankaɗe, ki auna giram 1, ki dafa a cikin asid har ƙarafan da ke ciki su narke, ki tace, ki cika da tataccen ruwa zuwa mililita 50, ki kai wa na'urar AAS, mai auna yawan ƙarfe a cikin ruwa. A ce ta nuna miligiram 2 a lita. Nan ne ɗalibai da yawa ke faɗuwa: sai su kwashi 2 ɗin nan su zuba a tebur, har su kwatanta ta da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha. Alhali ƙasa aka ba su, ba ruwa ba. Miligiram 2 a lita, a cikin mililita 50, shi ne miligiram 0.1, kuma daga giram 1 na ƙasa ya fito, wato miligiram 100 a kowane kilo. Lissafin bai fi layi biyu ba, amma wanda bai riƙe samfurin da hannunsa tun daga farko ba ba zai san akwai shi ba.

Kuma ko 100 ɗin nan ba ta zama abin yarda ba tukuna. Sai kin haɗa fanko, wato ki bi duk matakan nan da asid iri ɗaya, kwalba iri ɗaya, takardar tacewa iri ɗaya, amma babu ƙasa a ciki. Abin da na'ura ta gani a fanko ba daga ƙasar ya fito ba, daga asid ɗinki ne ko dattin kwalba, sai a cire shi. Sai kin yi aikin sau uku daga farko, awo uku daban, dahuwa uku daban, don ki ga nisan da ke tsakanin sakamakon. Karanta kwalba ɗaya sau uku a na'ura ba maimaici ba ne, na'urar kika gwada, ba hannunki ba. Sai kin ga layin awon da aka saita na'urar da shi, ruwan dalma huɗu ko biyar da aka san ƙarfin kowanne, kuma samfurinki ya faɗo a tsakaninsu, ba can sama da na ƙarshe ba. Mai sayen hatsi da ya san kasuwa, kafin ya yi gardamar yawan dawa, gindin tiyar yake fara dubawa ko an bubbuga shi. Sai kuma gwajin da na fi so: ki raba samfuri biyu, ki ƙara wa ɗaya dalmar da kika san yawanta da hannunki, ki bi da su hanya ɗaya. Idan abin da kika ƙara ya dawo miki tsakanin kashi 80 zuwa 120 cikin ɗari, hanyarki tana aiki. Idan kashi 40 ya dawo, akwai inda take zuba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Iyakar dalma a ruwan sha a wurin Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce miligiram 0.01 a lita. Na'urar AAS mai aiki da harshen wuta, wadda ita ce mafi yawa a jami'o'inmu, ganinta ga dalma a daidai wannan wurin yake ƙarewa, sau da yawa ma kafin nan. Saboda haka duk furojet ɗin da ya ce ya sami 0.012 a ruwan rijiya da irin wannan na'ura, ba tare da an fara ƙafe ruwan an tattara shi ba, har ya yanke hukuncin cewa ruwan unguwa kaza guba ne, bai faɗi komai ba. Lambar tana iya zama rawar na'ura kawai. Ana gane iyakar ganin na'ura ta hanyar karanta fanko sau da yawa, kamar goma, a lissafa yadda karatun ke warwatsuwa, a ninka sau uku. Abin da bai kai nan ba, sai a rubuta cewa bai kai iyakar gani ba, kuma wannan sakamako ne cikakke, ba abin kunya ba.

Duk abin da na lissafa, in ban da karatun na'urar, hannu ne da natsuwa. Ana koyonsa da biyuret da fifet, wato bututan gilashi na auna ruwa, da ma'auni mai kyau, kuma babu sashen kemistirin da ba shi da waɗannan.

Ga misalin batun da zan ba ɗalibi mara kuɗi da zuciya ɗaya: kanwa. Ana kawo ta daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, ana sa ta a miyar kuka da kuɓewa, a dafa wake, a ba dabbobi, a dama kunu ga masu jego. Akwai jar kanwa, akwai fara, akwai ungurnu, kowace da kuɗinta da abin da ake cewa ta fi yi. Mafi yawan abin da ke cikinta gishirin sodiyam ne: kabonet da baikabonet, da gishirin ci, da salfet, da yashi. Tambayar ita ce, shin waɗannan nau'o'in sun bambanta da gaske a yawan kabonet, ko bambancin da ke tsakanin mai sayarwa da mai sayarwa ya fi wanda ke tsakanin ja da fara? Tambayar tana da nauyi, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa da yawan shan kunun kanwa da wankan jego. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, ciki har da ƙarancin seleniyam a jiki, amma yawan sodiyam ɗin da mai jego ke sha a kofi ɗaya har yanzu lamba ce da likita zai so ya sani.

Aikin kuwa taitireshan ne irin wanda kika yi a aji ɗaya, wato sauke asid ɗigo-ɗigo har launi ya sauya, sai dai da manuni biyu, sinadaran da ke sauya launin. Ki daka kanwar ta yi laushi, ki gauraya sosai, don dunƙule ɗaya ma gefensa da tsakiyarsa ba ɗaya ba ne. Ki auna, ki narkar, ki tace, ki shanya abin da ya rage a takarda ki auna shi, yashin ke nan. Ki ɗiga finolftalin, ruwan ya yi ja-ja, ki sauke asid ɗin HCl har launin ya ɓace. A nan kabonet ya koma baikabonet, wato ya yi rabin tafiya. Ki ɗiga metil orenj ki ci gaba har rawaya ta juya. Ninki biyu na karatun farko shi ne asid ɗin da kabonet ya ci, abin da ya rage daga jimilla na baikabonet ne. Nauyin mol ɗaya na Na2CO3 giram 106 ne, na NaHCO3 kuwa 84, sauran lissafi ne. Amma kafin duk wannan sai kin tabbatar da ƙarfin asid ɗin kanki, ta hanyar gwada shi da tsantsar sodiyam kabonet da aka busar a tanda. Abin da aka rubuta a jikin kwalbar da ta shekara biyar a sito ana buɗewa ana rufewa labari ne. Ki sayo daga kasuwa uku ko huɗu, masu sayarwa da dama a kowace, ki rubuta inda kowane ya fito. Idan akwai na'urar auna sodiyam ta harshen wuta a sashenku ko a sashen nazarin ƙasar noma, ki ƙara da ita. Ɗalibar da ta yi wannan da kyau ta fi mini wadda ta kawo shafi goma na zanen na'urar da ba ta taɓa gani ba.

Irinsa suna da yawa. Dokar Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, kuma ana auna shi da tayosalfet da ruwan sitaci: nawa ya rage a gishirin da ya yi wata a buɗaɗɗen daro a rana, idan aka kwatanta da na cikin leda? Masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna aiki da kuromiyam, kuma nau'insa mai haɗari, Cr(VI), yana ba da launin shunayya da wani sinadari mai suna daifenilkabazaid, a karanta a nanomita 540 da ƙaramar na'urar auna launi. Garin ƙwayar zogale yana kwantar da laka a ruwa, ana iya gwada shi kafaɗa da kafaɗa da alam. Ko marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take: shuni ba ya narkewa a ruwa, sai ƙwayoyin halitta sun sauya shi a cikin ruwan toka, shi ya sa zane ke fitowa kore-kore daga rijiyar rini sannan iska ta mayar da shi shuɗi. Bin yadda pH, wato ma'aunin ƙarfin asid, na rijiya ɗaya ke sauyawa daga ranar haɗi zuwa ranar da marini ya ce ta nuna aiki ne mai kyau, kuma marinan sun san abubuwan da ba ki sani ba.

Yanzu batun da na san za a fi tura ki gare shi, wato ganyen magani. A ɗebo sabara ko marke ko maɗaci ko darbejiya, a shanya, a jiƙa a metanol, a ɗiga sinadarai a ga launi, a cika tebur da alamar tarawa da ta ɗebewa: akwai alkaloyid, akwai tanin, akwai safonin. A kai sashen nazarin ƙananan halittu a ga ya hana wata ƙwayar cuta tsiro, a rufe da cewa bincike ya tabbatar da amfanin da ake yi da shi a gargajiyance. An yi wannan sau dubbai, kuma a ganina mafi yawansa bai ƙara wa kowa sani ba. Kusan kowane ganye yana da tanin da filabonoyid, ganin su ba labari ba ne. Ruwan ganyen da aka kaurara ƙwarai zai kashe ƙwayar cuta a faranti, haka ma ruwan gishiri mai kauri. Sai kuma a kai shi na'urar GC-MS, mai rarrabe sinadarai, ta fito da sunayen sinadarai talatin a kwafe su duka. Na'urar nan abin da zafi ke iya mayarwa tururi kawai take gani, manyan sinadaran da ke cikin jiƙon metanol ba sa ma wucewa ta cikinta. Sunayen da take bayarwa kuwa kamanceceniya ce da abin da ke rumbunta, ba shaida ba. Shi ya sa za ki ga an rubuta cewa ganye kaza yana ɗauke da taleti, alhali taleti sinadarin tausasa roba ne da ya fito daga jarkar da aka ajiye jiƙon, ko a ce yana da silokzen, wanda daga bututun na'urar kanta yake ɓarewa.

Ba ina cewa a bar tsirrai ba. Maganin sikila na Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar, daga haɗin gargajiya na tsirrai huɗu ya samo asali, ciki har da masoro da kanumfari da karan dafi. Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta sami kyautar Nobel a 2015 saboda atemisinin da ke cikin maganin zazzaɓin da muke sha yau, ta daɗe tana samun sakamako mai hawa da sauka, sai da ta gane zafin dahuwa ne ke lalata sinadarin, ta koma jiƙo da sinadarin ita (ether) mai tafasa a ƙaramin zafi, a 1971 samfuri na 191 ya yi aiki. Idan tsiro za ki yi, ki kai shi ma'ajiyar tsirrai ta jami'a a tabbatar da sunansa a ba ki lamba, ki rubuta inda kika tsinko shi da watan. Ki raba jiƙon kashi-kashi, daga hekzen zuwa etil asitet zuwa metanol, ki gwada kowanne, ki bi wanda ya fi ƙarfi da farantin TLC mai rarrabe sinadaran da ke cikin jiƙo, ki nemo mafi ƙarancin adadin da ke hana ƙwayar cutar tsiro, ki kwatanta da maganin asibiti da kuma ruwan jiƙon shi kaɗai. Ko ba ki kai ga ware sinadari ɗaya ba, kin bar wa na bayanki wurin da zai ɗora.

Yadda za ki shiga tun daga aji biyu ba wuya. Ki nemi sunayen malaman sashenku a Google Scholar, ki zaɓi wanda aikinsa ya ja hankalinki, ki karanta takardarsa ɗaya ko da rabinta kika gane. Shafin AJOL yana da mujallun Afirka da yawa da ake karantawa kyauta, ciki har da BAJOPAS ta Jami'ar Bayero. Sannan ki je ofishinsa a lokacin da ba na jarrabawa ba, ki gaishe shi, ki ce kin karanta aikinsa a kan kaza, ga wurin da ya shige miki duhu, kuma kina so ki riƙa taimaka wa ɗalibansa na digiri na biyu. Masu zuwa neman maki mun saba da su. Mai zuwa da tambaya a kan aikinmu ba kasafai ba, kuma ba ma mantawa da shi. Abin da za a fara ba ki wankin kwalabe ne da daka da tankaɗe. Kada ki raina. A aikin ƙarafa, kwalbar da ba a kwana da ita a ruwan asid ɗin naitirik ba tana iya ɓata aikin wata guda.

Ki girmama ma'aikatan lab fiye da yadda kike tsammanin ya kamata. Su ke riƙe da makullin sito, su suka san biyuret ɗin da ke yoyo da ma'aunin da ke ƙarya da sinadarin da ya mutu tun bara. Da yawansu hannunsu ya fi na malamin da ke koya miki a allo, ni ma ban cire kaina ba.

Ki sayi littafi mai ɗinki, ba mai waya ba, ki rubuta da biro, kwanan wata a kowane shafi. Karatun biyuret na farko da na ƙarshe, ba bambancinsu kaɗai ba. Abin da kika yi kuskure ki ja masa layi ɗaya ya kasance ana iya karantawa, kada ki yage shafi. Ki ɗauki hoton shafukan da waya duk mako. Kuma ki tsara aikinki da sanin ƙasar da kike ciki: a 2022 yajin aikin ASUU ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ruwan da aka ɗebo don auna ƙarafa, idan aka ɗiga masa asid pH ya sauka ƙasa da 2, yana iya kai wata shida. Na naitiret kwana biyu ne a firji. Na Cr(VI), idan ba a yi masa tanadi na musamman ba, kwana ɗaya. Busasshiyar kanwa ko ƙasa a kwalba mai murfi kuwa za ta jira ki.

SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ƙirƙiro a 1973, shi ne dama mafi girma da za ki samu kafin aji huɗu, kuma mafi yawan ɗalibai kusa da gida kawai suke dubawa. Ki fara nema tun shekara guda kafin lokacin. Matatar ruwa irin ta Tamburawa, ɗakin gwajin kamfanin siminti kamar na Sakkwato ko Ashaka, ɗakunan gwajin NAFDAC, cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT da ke Basawa a Zariya, kamfanin man gyaɗa, duk wurare ne da ake awo kullum kuma sakamakon yana da abin da yake hukuntawa. Ki tambayi waɗanda suka riga ki ko ana barin ɗalibi ya taɓa kaya, don akwai wurin da suna ne kawai, wata shida za ki yi kina kallo.

Kai samfuri wani wuri a biya kuɗi ba laifi ba ne, manyan masu bincike ma suna yi. Cibiyar binciken makamashi ta CERT a Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, ana auna ƙarafa da dama da ita a samfuri ɗaya, kuma daga jami'o'i da yawa ake kai mata aiki. Laifin shi ne ki miƙa ki karɓa ido rufe. Ki shirya samfurin da hannunki. Ki sa wa kwalaben lambobi maimakon sunaye, ki cusa fanko a cikinsu, ki raba samfuri ɗaya gida biyu da lamba daban-daban, ki ƙara da ruwa ɗaya da ke kika haɗa shi kin san ƙarfinsa. Idan tagwayen suka dawo da sakamako mai nisa da juna, ko fanko ya fi samfuri, kin san abin da kika saya. Ki roƙi takardar da na'ura ta buga da layin awon ranar, kuma in da hali ki tsaya a yi a gabanki.

Maganar tsaro ba zan taƙaita ta ba don ke mace ce mai sa hijabi, kuma na ga yadda dogon hijabi ke shawagi a kan fitilar gas. Ki tanadi ƙarami na auduga don lab, ki cusa shi cikin farar riga, ki ɓalle maɓallan. Yadin roba idan ya kama wuta narkewa yake ya manne a fata. Takalmi rufaffe, tabarau ko da ana zafi. Asid ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a asid. Ba a zuƙar fifet da baki ko da kin ga manya suna yi. Hekzen da sinadarin ita (ether) ba sa zama ɗaki ɗaya da wuta. Haɗin HCl da naitirik da ake dafa ƙasa da shi ba a toshe shi a kwalba, iska yake fitarwa har ya fasa ta, kuma ba a dafa shi sai a akwatin zuƙe hayaƙi. Safar hannu ma ba kowane abu take tarewa ba: Karen Wetterhahn, farfesa a Kwalejin Dartmouth ta Amurka kuma ƙwararriya a kan gubar ƙarafa, ɗigo ɗaya ko biyu na wani sinadarin makuri (zaiba) ne ya zuba a kan safarta a 1996, ya ratsa, ta rasu a 1997. Kafin ki buɗe kwalbar da ba ki sani ba, ki nemi takardar bayanin haɗarinta a intanet. Kuma kada ki yi aiki ke kaɗai a lab, ko da rana, ko wa ya ce ki zo.

Masu sayen furojet da masu ƙaga lambobi suna ganin ba a ganewa. Ana ganewa. Maimaici uku da suka fito daidai har ɗigo na huɗu, layin awo da ba ya da ko ɗan karkata, lamba mai ɗigo shida daga ma'aunin da ke tsayawa a ɗigo biyu, ɗalibin da aka tambaya launin da ruwan ya koma ya yi shiru. Abin da ya fi damuna ba makin ba ne. Irin waɗannan lambobin suna shiga mujallu, wani ya kafa hujja da su, a wayi gari an ce rijiyoyin gari kaza lafiya lau ko an ce guba ne, kuma babu wanda ya taɓa ɗiban ruwan.

Kada lab ya cinye miki darasi. Mafi yawan guraben tallafin karatu na gaba, irin su PTDF da Commonwealth da DAAD, sakamako mai kyau suke fara dubawa, don haka ki riƙe makinki sama da 3.5 cikin 5. Kemistirin fizikal da lissafi da ake gudu, ki zauna musu, musamman ƙididdiga, kuma ki koyi ja layin awo da lissafin warwatsuwa a Excel tun bana. Ki shiga ƙungiyar ɗaliban kemistiri ta sashenku, idan taron shekara na Ƙungiyar Masana Kemistiri ta Najeriya ya zo kusa da ku ki je ko sauraro ne.

Buga takarda a mujalla kuwa ki ajiye shi tukuna. Idan aikin ya yi kyau malaminki zai kawo maganar da kansa. Ranar da ya kawo, ki tambaya cikin ladabi sunayen wa da wa za a sa kuma a wane jeri, tun kafin a fara rubutu. Mujallar da ta aiko miki saƙo tana yabonki, ta ce za ta buga cikin mako ɗaya idan kin biya, ki bar ta: masu tantance takardun neman tallafi sun san sunayensu, kuma ganin irinta a takardunki rage miki daraja zai yi.